Jaket ɗin Babanku Tana Nan

Kawo, Kaduna.

Zuwa ga ɗana Tijjani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fata kana lafiya kai da Fadila da yaran, Allah ya ƙara muku lafiya, ya tsare ku a ƙasar mutane. Mu nan alhamdu lillahi. Ƙafar ce dai kamar kullum, jinin kuma yana hawa yana sauka, likita ya sake min magani. Yayanku ya zo daga Malali ranar Juma'a da iyalinsa. 'Yar'uwarka Zuwaira ta haihu lafiya kamar yadda aka gaya maka, yarinyar ta ci sunan Aziza, hancin ubanta ta ɗauko, ba abin da za a yi. Ka yi haƙuri da rubutun, ka san iyakar bokona. Na ƙi yin maganar a waya ne don a waya kana katse ni, ni kuma so nake ka ji ta har ƙarshe.

Watan jiya da ka kira, ka ce ka ga tsohon hoton babanku sanye da jaket ta fata mai gashin tunkiya a wuya da manyan takalman nan na soja. Ka ce a Kanada yanzu irinsu ake yayi, sanyi kuma ya ishe ka, ka tambaye ni ko suna nan. Na ce maka ba su nan, an rabar tun bayan rasuwa. Ƙarya na yi maka. Suna nan cikin adakata, ƙarƙashin zannuwa, shekara ashirin da biyu ke nan.

Ga yadda aka yi. Da na fita takaba aka kira Malam Sanda na masallacinmu ya raba gado. Kai lokacin kana makarantar kwana. Aka fito da komai tsakar gida, riguna da huluna da rediyo da keke, har buta. Malam ya dube ni ya tambaya ko akwai abin da ya rage a ɗaki, sau uku yana tambaya, sau uku ina cewa babu. Alhali tun da safe na naɗe jaket ɗin, na cusa takalman a buhu, na danne a adaka. Kada ka tambaye ni dalili. Ni ba mai kuka a kan tsumma ba ce, kuma babanku ba mutum ne mai sauƙin zama ba, Allah ya jiƙansa. Na dai ɗaga jaket ɗin na ji warin baƙin mai da kananzir, irin wanda yake shigowa da shi gida kullum, sai hannuna ya ƙi miƙawa. Duk shekara in damina ta wuce nakan fito da su in shanya a bayan ɗaki, in goge takalman da mai da buroshi, in cusa musu jarida kamar yadda yake yi, in zuba kafur in mayar. Ba wanda ya taɓa gani.

Bayan wayarka na je kasuwar Kawo sayen magani, na bi ta wajen 'yan gwanjo. Sai ga samari sun yi cincirindo a kan dila guda, suna wawar irin jaket ɗin nan da takalma, wani har ya saka tasa a rana tsaka gumi na zuba masa. Mai kayan ya ce min wai wasu sababbi ne, da gangan ake goge su a kamfani su koɗe don su yi kama da tsofaffi, kuma su suka fi tsada. Na ce Allah ya kyauta. Amma da na dawo gida na kasa cin abinci. Abin da nake ce wa raina tsumma ne, ba wanda zai nema, ga shi mutane na ture juna a kansa, ga ɗana ya nema da bakinsa na hana shi. Ashe dukiya ce, kuma ta marayu na danne.

Malam Sanda ya rasu, sai na je wurin ɗansa Malam Abdulmalik da ya gaje shi, na faɗa masa komai. Bai sassauta min ba, ni ma ban so ya sassauta ba. Ya ce haƙƙin magada ne, ni tumuni kawai gare ni a ciki, sauran naku ne ku uku, kuma istigfari kaɗai ba ya wanke haƙƙin mutum sai mai shi ya yafe da bakinsa. Na tambaye shi yadda ake fitar da tumunin jaket, ko hannu ɗaya za a yanke min. Bai yi dariya ba. Ya ce in tara ku in faɗi gaskiya tun ina da numfashi.

Na gaya wa yayanku ranar Juma'ar nan. Ya ce a kan wannan tsohuwar fatar nake hana kaina barci, na ce eh, a kanta, ya dai faɗi kalmar yafiya kawai. Ya faɗa. Zuwaira ta yi ta kuka har na ce ta bari kada nono ya ɗauke, ita ma ta faɗa. Su biyun sun ce sun bar maka rabonsu, yayanku tumbi ba zai bar shi ya ja zif ba ko ya so. Saura kai, kuma naka ya fi nauyi, don kai sau biyu na cuce ka, ranar rabo da ranar waya.

Tun da gaskiya ake faɗa, bari in ƙarasa. Fadila ta ce kana gaya wa yaranka kakansu matuƙin jirgin yaƙi ne. Ka daina. Babanku bai taɓa tuƙa jirgi ba, makanike ne a sojan sama, ƙarƙashin jirgi ya yi rayuwarsa da sifana a hannu. Jaket ɗin ta wani hafsa ce, Oga Husaini, da ya yo ta daga ƙasar waje wajen kwas. Wata safiya babanku ya ji ƙarar injin jirginsa ba ta yi masa ba, ya ƙi sa hannu a tashi. Hafsan ya zazzage shi gaban mutane, ya ce zai sa a kulle shi. Da aka buɗe injin aka ga babanku ne da gaskiya. Kashegari mutumin ya zo har gidanmu na bariki, ya cire jaket ɗin daga jikinsa ya ba shi. Ni na tsefe sunan hafsan daga ƙirjin da reza, in ka duba za ka ga ramukan allura. Wannan za ka gaya wa yaran, ya ishe su. Takalman kam nasa ne na aiki, dunduniyar hagu ta ci ta gefe saboda yadda yake taka ƙasa, ka kai a gyara.

Umar ɗan maƙwabcinmu Alhaji Ubaidullah zai koma garinku bayan sallah, na yi magana da uwarsa zai taho maka da su. In sun iso ka saka su. Kada ka rataye a bango ana ɗaukar hoto, na gaji da ajiya. Ka je aiki da su, ka shiga ƙanƙarar da su, in sun yage sun yage.

Amma kada ka jira Umar kafin ka ba ni amsa, ban san nawa ya rage min ba. Kuma na san ka, za ka ce ba komai Inna, ka wuce zuwa zancen magani. Ba komai ba yafiya ba ce, ba ita za a tambaye ni ba. Ka kira, ka sa yayanku da Zuwaira a kan layi su zama shaida, ka ce na yafe. Shi ke nan abin da nake nema.

Ka gaishe da Fadila, ka gaishe da Khalid da Halima, ka ce su riƙa yin Hausa a waya, ba na jin abin da suke faɗa. Yayanku da Zuwaira da jaririyarta suna gaishe ku. Hajiya Khadijat ta maƙwabta ta ce a gaishe ka.

In ka buɗe buhun za ka ga takalman ba igiyoyi. Na zare, su ne tumunina. Igiyoyin sun riga sun tsufa, ba za su yi maka amfani ba. Ka sayi sababbi.

Innarka,
Safara'u.