Ƙofar Ɗakin Injiniya

Zuwa ga maigidana, Baban Injiniya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Yaya aikin hanya, yaya rana, yaya kuma ciwon bayan nan da zaman katafila ya saka maka? Mu nan lafiya lau, sai godiya. Yara sun samu dogon hutu, gida ya cika da hayaniya da takalma ko'ina. Auta ya ƙara tsawo har wandunan da na ɗinka masa bara sun koma kamar na aro. Muryarsa ma ta fara buɗewa, in ya kira ni daga waje sai na leƙa na ga ko baƙo muka yi.

Za ka yi mamakin ganin takarda a hannun direban tankar ruwanku alhali muna waya. Dalili shi ne, duk ranar da na ɗauko maganar nan sai layi ya lalace daga ɓangarenka, ni kuwa na daina yarda cewa kullum laifin sabis ne. Takarda dai ba a kashe ta a kunnen mutum.

Maganar ɗakin Injiniya ce. Shekara biyar ke nan da rasuwar yaron nan, Allah ya jiƙansa, shekara biyar kuma da ka garƙame ɗakinsa da kwaɗo ka tafi da makullin a aljihu. Ban taɓa ce maka uffan ba, don kowa da irin kukansa. Amma 'yarmu Barkono za ta cika sha bakwai cikin hutun nan, kuma har yau ɗaki ɗaya take kwana da ƙanenta, ba abin da ya raba su sai labulen da na ɗinka na rataya a igiya. Budurwa guda, a banɗaki take sauya kaya. In abokan Auta suka zo buga wasansu na waya, sai ta kwashi littattafanta ta koma kicin ta zauna a kan buhun shinkafa. Ga ɗaki nan a gefenta a rufe, ɓeraye ne kawai suke da izinin shiga.

Da a nan abin ya tsaya, da wataƙila na ci gaba da haɗiye shi. Shekaranjiya wata ƙawarta ta kawo min riga shago in rage mata hannu. Tana zaune tana zuba, har ta ba ni labarin bikin ranar haihuwa da suka haɗa wa Barkono a aji, wai har da waƙa da kyaututtuka. Na ce yaushe? Ta faɗi watan da ba shi ne na haihuwarta ba. Saura kaɗan allurar keke ta huda min yatsa. Ashe 'yarka ta zaɓi wata rana da kanta ta faɗa wa ƙawayenta, kuma ta daɗe tana haka.

Da na koma gida na tsare ta. Yarinyar da yayanta ya laƙa wa Barkono saboda ba a faɗa mata ɗaya ba ta mayar da uku ba, ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin zani. Da ƙyar ta ce min ita ai ba ta da rana, ranar nan ta riga ta zama ta yayanta. Ni na yi naƙudarta, na san ranar, na san ruwan da aka yi da safiyar. Ba zan zauna ina kallo a ƙwace mata ba.

Don haka ga abin da na yanke. Bana za a yi wa Barkono ranar haihuwarta a ainihin ranarta, a cikin gidan nan, kuma kyautarta ita ce ɗakin. Ka ba direba makullin ya kawo min. Ina roƙonka ne da girmamawa, amma kada ka ɗauka roƙon yana nufin zan fasa.

Yara suna gaishe ka. Ka riƙa shafa maganin bayan nan, na san halinka.

Matarka,
Maman yara


Zuwa ga Baban Barkono,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina kuma fata kana lafiya, kai da abokan aikinka. Mu ma lafiya, in ban da Auta da ke cinye abincin mutum uku sannan ya buɗe firji yana tambaya ko ba wani abu. Na san ka tsaya a kan layin farko, inda na kira ka Baban Barkono. Ba kuskure na yi ba, ita ma 'yarka ce, kuma ita ce babba a cikin waɗanda suka rage mana.

Direba ya iso, hannunsa wayam. Ya tsaya bakin shago yana sosa ƙeya, ya ce saƙonka shi ne a bar kaza cikin gashinta, kuma kada wanda ya kuskura ya taɓa kwaɗon nan. To, na ji, na kuma bi umarninka. Kwaɗo yana nan a kulle yadda ka bar shi, ko ƙwarzane babu. Ƙofar na sa aka cire.

Kafintan bayan layinmu na kira. Da farko ya ƙi, wai yana jin nauyinka. Na ce masa in bai zo ba ni zan ɗauki sukudireba in yi da kaina, in ƙofar ta faɗo min a ka kuma alhakina yana wuyansa. Ya zo ya kwance ƙarafan da ke riƙe da ita ta kowane gefe, ya jingine ta a bangon falo da kwaɗonta a rataye. Tana nan tana jiranka.

Na san abin da kake tsoro, don ni ma shi na ji. Na tsaya a bakin ɗakin, sannan na shiga. Amma bari in faɗa maka gaskiya, yaronmu ba ya cikin ɗakin nan. Ko ƙanshinsa babu. Ƙura ce, da yanar gizo, da katifa da ɓeraye suka yi gida a ciki. Rediyon nan naka da ya kwance ya yi alkawarin zai mayar yana nan a kan tebur, hanjinsa a waje. Na zauna a ƙasa na yi kukana har na gaji, sannan na tashi na ɗauko tsintsiya. Kayansa na wanke su, na goge, na jera a akwati mai kyau, ban zubar da ko maɓalli ba. Takalmansa na ƙwallo Auta ya gwada, sun matse shi. Ka ji yadda lokaci ya wuce mu muna tsaye a bakin ƙofa.

Kada ka zaci an yi min tafi. Barkono ta yi fushi da ni sosai. Ta ce ita ba ta roƙe ni ɗaki ba, na jawo mata baƙin jini a wurinka, wai dama da ƙyar kake kallonta. Wannan kalmar ce ta sa nake rubuta abin da ban taɓa iya faɗa maka baki da baki ba.

Ranar da ta cika sha biyu, babu wanda ya aiki Injiniya. Shi ya ce zai je ya karɓo mata kek a kekensa, don yana son ya zama shi ya shigo da shi. Mota ta buge shi a hanyar dawowa. Kwanansa ne ya ƙare, kai ma da bakinka ka faɗa wa masu ta'aziyya. Amma tun daga shekarar, kana ɗaukar hutu ka zo gida ranar nan kawai don ka zauna a kujera ka yi shiru. A kashe talabijin, a yi tafiya da sanɗa, kowa ya ci abinci kamar an tilasta shi. In ta kawo maka ruwa sai ka karɓa kana kallon bango. Ba ka taɓa ce mata laifinta ne ba, na shaida. Amma shiru ma magana ce, kuma ta ji ta sarai. Shekara biyar yarinyar nan ba ta sa kek a bakinta a gidan nan ba.

Bana za ta kai shekarun da yayanta bai kai ba. Na san wannan ne yake cin ka, ni ma yana ci na. Sai dai ba zan yarda ta nemi gafarar kowa don ta rayu ba. Da safe za mu yi masa addu'a kamar kullum, da yamma kuma ƙawayenta za su zo, za a yi kiɗa, za a yanka kek. Na riga na sa a yi shi, a shagon nan dai da ka sani, don ba za mu ƙare rayuwarmu muna kewaye titi ɗaya ba.

In ka zo, gidanka ne, za ka tarar da abincinka da ruwan wankanka. In kuma ka ga ba za ka iya ba, ka zauna can, ba zan riƙe ka ba. Abin da ba za ka samu ba bana shi ne gidan da aka yi wa ɗinki a baki. In fushi za ka yi, ni ce na cire ƙofa, ka sauke a kaina. Ina son ka, ka sani, shi ya sa ma nake da ƙarfin halin yi maka haka.

Allah ya tsare min kai.

Matarka,
Maman Barkono


Zuwa ga Baban Barkono,

Assalamu alaikum. Ina fata ka koma wurin aiki lafiya, gajiyar hanya kuma ta bi lafiya. Muna nan ƙalau. Hutu ya kusa ƙarewa, Auta sai yanzu ya tuna an ba su aikin gida. Ya ce a gaya maka labulen tsakar ɗaki ya sauke shi da kansa, yana kwana kamar mai gari.

Ka zo, ka tafi, duk maganar da ka yi min ba ta cika cokali ba. To, tunda kai ba ka faɗa, ni zan faɗa, don kada ka zaci ban ga komai ba.

Na ga lokacin da ka shigo da jakarka ka ci karo da ƙofar a jingine a falo. Ka daɗe a tsaye kana kallon kwaɗon, ni kuma ina kicin riƙe da ludayi ina jiran hadari. Sai kawai ka wuce ɗaki. Na ce a raina, an fara.

Ranar bikin da rana na ɗauki mayafi zan je karɓo kek, sai Barkono ta tare ni ta ce ita za ta je da ƙafarta, Auta ya raka ta. Na ba ta hanya, don ni na fara wannan yaƙin, ba ni da bakin hana ta. Suna fita na ga ka miƙe ka zura takalmi a gurguje. Daga taga na hango ka kana bin su a baya, kana raɓewa jikin motocin da aka ajiye kamar ɓarawon da bai ƙware ba. Auta ya gan ka tun a kwanar farko, ya ce min kawai ya ƙyale ka ne don kada ka ji kunya. Ya ce da suka zo tsallake babban titin, ita ta riƙe kwalin da hannu biyu, kai kuma ka shiga tsakiyar hanya ka ɗaga wa motoci hannu har suka haye. Ita ma ta gan ka. Ba ta faɗa min ba, amma ta shigo gida idonta jajir tana murmushi.

Ba ka fito wurin 'yan matan ba, ba ka kuma ci kek ɗin a gabanmu ba. Amma ba ka ce a rage kiɗa ba, farantin da ta kai maka ɗaki kuma ya dawo a wanke. Washegari da safe ƙarar guduma ce ta fito da ni. Na tarar ka mayar da ƙofar da hannunka, duk da ciwon bayan. Raina ya ɓaci, har na fara haɗa maganganun da zan gasa maka, sai na ga ka kwance kwaɗon ka jefa a jakarka, ka fito da sabuwar sakata ka kafa ta daga ciki. Na koma kicin da sauri don kada ka ga fuskata.

Kada ka zaci ka gama biya. Har yanzu ba ka buɗe baki ka taya 'yarka murna ba, sakata ba ta magana. Baɗi da bakinka za ka faɗa, tana tsaye a gabanka kana kallon idonta, kuma kai za ka fara yanka mata kek. Kana da shekara guda ka yi ta gwadawa a kan katafila. Kwaɗon kuwa ka kulle akwatin kayan aikinka da shi, kada in sake ganinsa a gidan nan.

Ga labarin da ya sa na ɗauki biro. Jiya da hantsi na je kai mata wankinta, na tura ƙofar na ji ta a kulle. Na ƙwanƙwasa. Daga ciki kiɗa yana tashi, sai ga muryarta a sama da shi, irin muryar nan ta da mai yaji. Ta ce in Auta ne ya ɓace mata daga nan, in kuma ni ce in ɗan jira, mai ɗakin tana shiryawa, ai ba a faɗo wa mutane haka. Ni da na haife ta, ni da na yi faɗa da kai a kanta, aka bar ni tsaye da kaya a hannu. Na jingina da bango ina dariya, hawaye yana zuba a kan wankin. Shekara biyar ina wucewa ta gaban ƙofar nan a rufe, ban taɓa ƙwanƙwasawa wani ya amsa ba sai jiya.

Yara suna gaishe ka, mai ɗakin ta ce ka taho mata da madubi. Ka kula da kanka, ka shafa maganin.

Matarka har kullum,
Maman Barkono