Baba da Kwalaben Mai Sihiri

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da yara. Allah ya sa albarka a aikin da ya kai ka can, ya kare ku daga dukkan sharri. Mu nan alhamdu lillahi. Ƙafar Gwaggo ta yi sauƙi, bakinta kuwa dama bai taɓa ciwo ba. Hannun Baba na hagu yana dawowa sannu a hankali, likita ya ce a ci gaba da motsa shi. Akwai maganar da ta tsaya mini a rai, ita ta sa na zauna na rubuto maka.

Ka tuna mai sihirin nan naka na wasan kwamfuta, wanda ka bar wa Baba da za ka tafi, ka ce ya riƙa motsa yatsu da shi? To, abin ya wuce motsa yatsu. Ka san tun rasuwar Umma da ciwon da ya biyo baya, Baba ba ya fita, ba ya magana sai an tambaye shi. Yanzu kuwa duk Asabar da yamma zai zauna a teburin ɗakinka, ya sa abin ji a kunne, ya shiga ƙungiyar da ke haɗuwa ta intanet suna yaƙar dodanni. Daga kicin nake jiyo dariyarsa. Ba su taɓa ganin fuskarsa ba, Tsoho kawai suke ce masa, amma ya san wanda matarsa ta haihu da wanda aka sallama daga aiki. Gwaggo tana ta mita wai mutum da furfurarsa ya ƙare a tsafi, na ce mata ni dai in zai yi dariya a bar mini shi.

Asabar ɗin da ta wuce waccan na kai masa shayi, na tarar an sake karkashe su. Shugaban ƙungiyar, wanda suke kira Kaftin, yana magana, ina ji ta abin kunnen. Ya ce dodon da suka maƙale a kansa ba ya jira, in ba a kayar da shi da wuri ba sai ya fusata ya share kowa. Ya ce sun duba illar da kowa ke yi masa, mai sihirin Baba ne a can ƙasa, alhali shi ya kamata ya fi kowa ɓarna. Cikin ladabi ya faɗa, amma ya faɗa: akwai wani da ke jiran gurbi, in Asabar mai zuwa ba a ga canji ba za a ba shi wurin Tsoho. Baba ya ce to, babu komai. Ya cire abin kunnen ya ajiye, ranar ko abinci bai taɓa ba. Wallahi Yaya na san shirun da zai koma ciki.

Ni da ban san komai ba sai allura da awon jini, sai ga ni a asibiti ina karatun sihiri a waya duk lokacin da marasa lafiya suka tsagaita. Da farko na ɗauka hannun ne. Na kwashe manyan sihirin daga madannan hagu na mayar masa kan linzamin kwamfutar da yake riƙewa da dama. Na canja wa mai sihirin sanda zuwa mai ƙara ƙarfin wuta. Na koya masa jeri: ya fara da wanda ke raunana dodo, ya bi da mai ƙuna, sannan ya sako babban. Abin ya ɗan motsa, amma bai kai ko'ina ba. Sai na ja kujera na zauna bayansa ina kallo, a nan na gano ciwon. Shuɗin layin nan da ke nuna ƙarfin sihiri, wanda ya kamata ya riƙa ƙarewa ana cika shi, na Baba cike yake fal daga farko har ƙarshe. Jakarsa ta cikin wasan maƙare da kwalaben ƙarin ƙarfi, ko ɗaya bai taɓa buɗewa ba. 'Yan tartsatsi kawai yake jefawa. Na tambaye shi dalili, ya ce ana ajiye abu saboda ranar buƙata. Na ce masa ai ranar ce ta zo, za su cire shi. Ya yi kunnen uwar shegu da ni. Har na ɗaga masa murya, ya juyo ya dube ni, na kama bakina.

Jiya Asabar aka yi ta. Ina tsaye bayansa, hannuna a kan kujera. Aka shiga, Baba ya fara 'yan tartsatsinsa kamar kullum, na ji kamar in fizge linzamin. Jinin dodo bai ragu zuwa rabi ba 'yan ƙungiyar suka fara faɗuwa. Mai tare musu gaba ya faɗi, mai warkar da su tana ihu wai ƙarfinta ya kusa ƙarewa, dodon ya fara ja, alamar ya kusa fusata. Gumi ya jiƙa wa Baba wuya, shuɗin layinsa kuwa ko gezau. Sai Kaftin ya kira shi, ya ce in Tsoho yana da wani abu a ajiye to yanzu ne. Har na fid da rai. Can ya sauke numfashi ya buɗe jakar. Yaya, ban taɓa ganin wuta haka ba. Ya sako babban, ya sha kwalba, ya sake sakowa, bai kuskure jerin ba. Da dodon ya kife 'yan kaɗan ne suka rage a tsaye, sunan Baba kuma yana kusa da sama cikin waɗanda suka fi yi wa dodon illa. Kaftin ya ce wurin Tsoho babu mai taɓa shi.

Ina ta tsalle ina tafi, sai na lura Baba bai ko murmusa ba. Jakar yake kallo, wayam. A hankali ya ce kwalaben nan kai ka tara su da hannunka, yadda ka jera su haka yake buɗewa ya gan su kullum. So ya yi duk ranar da ka dawo ka tarar da kayanka yadda ka bari. Na fita na yi kukana a kicin. Don Allah Yaya ka kira shi, kuma ka zauna sosai ku yi hira.

Ka gaishe mini da Anti, da Dogo, da 'yar autarku mai rigima. Gwaggo da Kawu suna gaishe ka. Baba shi bai ba da gaisuwa ba, cewa ya yi in tambaye ka ko ka ji haushi ya ƙarar maka da kaya, wai ka yi haƙuri.

Wassalam,
Ƙanwarka.