Harsashin da Ban Karɓa Ba

Gidanmu na Bakin Rafi,
Wyoming,
3 ga Mayu.

Zuwa ga Gwaggo Verna,

Ina gaishe ki da ladabi da ƙauna mai yawa, tare da fatan wannan takarda za ta iske ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Kawu Lyle da duk mutanen gida a can Oregon. Allah ya ƙara miki sauƙin ƙafar nan, ya ba mu haƙurin rashin da muka yi gaba ɗaya, ke ƙaninki, mu mahaifinmu. Mu nan muna lafiya gwargwado. Mama ta koma aikinta na girki a makarantar firamare, tana cin abinci yanzu, sai dai ba ta cika magana ba. Kaka tana tambayarki duk ranar Lahadi in mun je wurinta, wani lokaci kuma ta tambayi Baba, sai mu ce yana wajen tumaki. Tumakin sun kusa gama haihuwa, an sami 'ya'ya ɗari biyu da sha huɗu, Yaya Kelton ne ke ɗauke da aikin shi kaɗai, duk ya rame. Ni ma na ci jarrabawar lissafin da nake tsoro.

Gwaggo, sau uku ina ɗaukar waya in kira ki, in na ji muryarki sai in ɓige da zancen sanyi da makaranta. Shi ya sa na ce bari in rubuta. Alfarma nake nema: ki karɓi Tully, karyar kiwon Baba, ta koma wurinku da zama. Yaya ya ce ranar ashirin ga wata, da zarar masu askin tumaki sun gama sun tafi, zai tafi da ita kwarin bayan gona ya dawo shi kaɗai. Kin san shi, ba ya faɗin abin da ba zai yi ba. Saura kwana sha bakwai.

Abin da kika ji lokacin jana'iza shi kowa ya sani. Baba ya sauke ni a bakin titi inda nake jiran motar makaranta, ya wuce makiyayar gabas saboda dila ta kashe mana 'yan tumaki uku. Bindigarsa tana kwance a kujerar baya ta a-kori-kurar, da harsashi a ciki, Tully ma tana kujerar bayan. Da ya tsaya a ƙofar shinge, ita kuma ta hango garke ta soma tsalle, ƙafarta ta taka kunamar bindigar, harsashin ya huda jinginar kujera ya same shi. Haka ɗan sandan da ya auna wurin ya rubuta. Abin da ba ki sani ba shi ne yadda garin nan ya koma bayan tafiyarki.

Ƙungiyar makiyaya ta ajiye wata takarda a shagon abincin dabbobi na Mista Ostrander, kusa da tukunyar kofi. An ja layi a tsakiya. Gefe ɗaya na masu cewa a bar kowa ya yi yawo da bindiga ɗure da harsashi a motarsa, ɗaya gefen na masu cewa a hana. Wai in ta cika za a aika wa 'yan majalisa. Mama tana aikena shagon sayen madarar 'yan tumakin da uwayensu suka ƙi, kuma da yake ba ni da motsi, sai in daɗe a bayan buhuna ba wanda ya lura da ni. A nan na ji ra'ayin kowa. Tsoho Harlan ya ce shi shekararsa hamsin da bindiga a mota, kuma bai taɓa ganin dilar da ta zauna ta naɗe ƙafa tana jiran mutum ya lalubo harsashi a aljihu ba. Wani ya ce masa ai shi ko an ɗaure masa dilar a jikin shinge ba zai same ta ba, tun da bara ma tankin ruwansa ya harbe. Aka yi dariya, Harlan ya ce da shi ɗan banza, ya je ya tambayi ubansa wa ya koya masa riƙe bindiga. Misis Delgado, nas ɗin da ke tafiyar mil sittin ita kaɗai zuwa asibiti, ta ce ƙaramar bindigarta tana ƙarƙashin kujera a ɗure, kuma duk wanda ke so ta cire, ya zo ya riƙa raka ta. Matar fasto kuwa ta sa hannu a gefen masu hanawa, ta danna biro har takardar ta huje, ta ce ta gaji da dafa abincin zaman makoki saboda taurin kan maza. Mista Ostrander ya ce shi ɗan kasuwa ne, ra'ayinsa yana ga wanda ya fi sayen dusa.

Da a nan aka tsaya, da ban damu ba. Amma kowane gefe da Baba yake kafa hujja. Masu hanawa suna cewa ga Dale nan, mutum mai hankali, dubi abin da ganganci ya jawo masa, kamar ba su ne suka ɗauki akwatin gawarsa ba. Masu cewa a bari kuma ba za su yarda laifin bindiga ne ba, ba za su kuma zagi mamaci ba, don haka sai komai ya koma kan Tully. Na ji wani yana cewa ba bindiga za a hana shiga mota ba, karnuka za a hana, wani ya ce a'a, a dai riƙa yi musu jarrabawa a ba su lasisi. Suna cikin dariya Harlan ya hango takalmina a ƙarƙashin buhuna, sai ya cire hularsa ya ce 'yata, yaya mamanki. Washegari na ga sunan Yaya a takardar, na talatin da ɗaya a gefen masu cewa a bari. Da Mama ta tambaye shi, ya ce shi ba zai sa hannu a takardar da ke kiran ubansa wawa ba, kuma karen da ya yi kisa ba a ajiye shi, kowa ma ya faɗa. Tun daga ranar ba ya kallon inda Tully take. Mama ta ci gaba da goge tukunyar da ta riga ta bushe.

Yanzu ga abin da na kasa faɗa a waya. Kin tuna dokar Kakanmu, wadda kika ce ke ma kin yi ta tun kina 'yar shekara shida? Mota ba ta tashi sai wanda ke zaune gefen direba ya ce, "An cire?" Direba ya zare harsashin ya sa masa a tafin hannu, shi kuma ya riƙe a aljihu, in zai sauka ya mayar. Ni ce mai wannan aiki tun da Yaya ya soma tuƙa tasa motar. Baba yakan ce da ni sufeto, in na tambaya ya sara mini ya ce an cire ranka ya daɗe. A safiyar nan ransa a ɓace yake saboda 'yan tumakin, ni kuma kaina yana cikin littafin tarihi, muna da gwaji. Ban tambaya ba. Kuma ni ce na buɗe wa Tully ƙofar baya. Wurinta a buɗaɗɗen bayan mota yake, amma dusar ƙanƙara na zuba, na ga tana rawar sanyi, na ce Baba a bar ta ta shigo. Ya ce na ɓata ta da shagwaɓa, nan gaba sai ta nemi a saya mata safa.

Da muka isa bakin titi na sauka, na sa hannu a aljihun rigar sanyina don in mayar masa, kamar kullum. Babu komai a ciki. Gwaggo, a nan na gane. Ba daga baya ba, a nan, ƙafata ɗaya a ƙasa, ƙofar motar ma ban rufe ba. Amma motar makaranta ta riga ta tsaya, direban ya danna hon sau biyu, yara suna leƙo ni ta taga, cikinsu har da masu kwaikwayon yadda nake magana ƙasa-ƙasa. Na ji kunyar in tsayar da mutum ashirin saboda tambaya ɗaya. Na ce a raina ai Baba ya fi ni sani. Na rufe ƙofa na ruga. Ya ɗaga mini yatsu biyu daga kan sitiyari, Tully ta manna hancinta a gilashin baya. Ana tsakiyar gwajin tarihi shugabar makaranta ta leƙo ta kira sunana.

Tun ranar hannuna ba ya rabuwa da aljihun nan. A aji, a coci, a layin karɓar abinci, sai in tsinci yatsuna suna lalube a ciki, har ɗinkin ya soma warwarewa. An dawo da motar Baba an ajiye ta bayan rumbun ciyawa, an cire kujerar direba an ƙone. Kullum da safe, daidai lokacin da muke fita, Tully takan je ta zauna a gindin ƙofar baya tana kaɗa wutsiya, ta dubi gida, ta dubi motar. Ba ta san an ce ta yi wani abu ba. Ta nan hanyata take zuwa bakin titi, kuma in na zo wucewa bakina yana motsi da kansa, ina yin tambayar a hankali ga wurin da babu kujera. Wani lokaci nakan ɗan tsaya, kamar za a amsa.

Jiya Asabar Yaya ya ce in raka shi gyaran shinge, karo na farko da na shiga motarsa tun watan Maris. Bindigarsa tana tsakaninmu, bakinta a ƙasa. Ya sa makulli zai tada, sai na ji na ce, "An cire?" Muryata ta fito kamar ta wata. Ya ce in bar shi da wasan yara, shi ba Baba ba ne. Na buɗe ƙofa na sa ƙafata ɗaya a ƙasa, na ce to ba zan rufe ba. Daga nan na gaya masa duk abin da na rubuta miki a sama, ina kallon gwiwoyina. Na ce in akwai wanda za a kai kwari saboda safiyar nan, ba Tully ba ce ta farko a layi.

Ya tsura wa gilashin gaba ido. Can ya ce in daina maganar banza, ni ba ni na ɗura ba. Ya ce shi ne ya ɗura. Shi ya fita da bindigar Baba tun da safe da ya ji kukan tumaki, bai tarar da dilar ba, ya dawo ya jefa ta a kujerar baya yana sauri, ya ce zai gaya wa Baba, sai wata tunkiya ta soma haihuwa a juye ya manta. Wata biyu muna cin abinci a tebur ɗaya, kowa da nasa a ciki. Ya ja bindigarsa ya zare harsashin, ya sa mini a tafi. Bai sara mini ba. Mun yi aikin shingen har azahar, da muka dawo na miƙa masa, ya ce in riƙe. Yana aljihuna yanzu da nake rubutu.

Na ɗauka hakan ya ceci Tully, amma bai cece ta ba. Ya ce ya san ba ta da laifi, ya sani sarai, amma duk safiyar da ya gan ta zaune a gindin motar nan sai ya ji ba zai iya kai yamma ba, kuma shi ke da tumaki ɗari huɗu a wuyansa. Ya ce ba zai ba kowa a garin nan ba, don kada a riƙa nuna ta ana cewa ga wadda ta harbe Dale. In ke za ki karɓa, ya yarda. In ba haka ba, maganarsa ta ranar ashirin tana nan. Ban tambaye shi ko zai goge sunansa a takardar shago ba, kuma ban san inda zan sa nawa ba in da shekaruna sun kai. Misis Delgado tana da gaskiya a kan hanyarta, matar fasto ma tana da tata.

Na san abin da nake roƙo ba ƙarami ba ne, in sa ki riƙa ganinta kullum, ke da kika goyi Baba. In ba za ki iya ba, ba zan ga laifinki ba. Amma shekarunta huɗu kacal, ta iya aiki, za ta tattara miki awakinki ba sai kin wahalar da ƙafarki ba. Ba ta taɓa kaji. Tana jin fito biyu gajeru a matsayin dawo, ɗaya dogo a matsayin kwanta. Tana tsoron tsawa, kuma tun watan Maris tana tsoron ƙarar rufe ƙofa da ƙarfi. Ki kira Mama ki ce mata i ko a'a kawai, sauran maganar ki bar mini, ni zan gaya mata da bakina, na yi wa kaina alkawari.

Ki gaishe mini da Kawu Lyle, da 'yarki Rhonda da mijinta, da jaririyarsu da ban gani ba tukuna, da Misis Abernathy maƙwabciyarku wadda ta aiko mana da bargo. Mama tana gaishe ki, Kaka ma haka. Yaya bai ce a gaishe ki ba, amma shi ya ba ni kan sarkin da zan manna. In kin amince, kuma Kawu Lyle ne zai zo ɗaukarta da motarsa, na san abin da yake ajiyewa a bayan kujera. Don Allah Gwaggo ki biyo shi, ki zauna a gefensa, kuma kada ki rufe ƙofa sai kin tambaya, ko da mutum nawa ne ke jira.

Taki 'yar ƙaninki mai ƙaunarki,
Marlis