Hannun Ishbel

Yaya Morag,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki Hamish da 'yan matanki biyu. Yaya ƙafar Hamish, ta bar shi ya koma kamun kifi?

Na iso Fife, gasar golf ɗin za a fara ranar Alhamis. Iskar teku tana nan yadda kika san ta. 'Yan jarida sai tambayata suke ko zan sake ɗaukar kofin, kamar ba su ga yaran da suka taso ba, waɗanda ba a haife su ba lokacin da na fara buga wasan nan.

Akwai abin da ban gaya wa kowa ba. Jiya wajen atisaye sandar buga ƙwallo ta suɓuce mini, ta faɗi cikin ciyawa. Ban ji fitarta daga hannuna ba. Fergus, mai ɗaukar mini jakar sanduna, ya ɗauko ta yana dariya, ya ce tsohuwa, ko man shanu kika shafa da safe? Ni ma na yi dariya. Amma yatsuna biyu na dama tun bazara ba na jin su sosai.

Kin tuna yadda Mama ta fara sakin cokali?

Ƙanwarki,
Ishbel

*

Yaya Morag,

Ina gaishe ki da kowa na gida. Saƙonki ya iso, kuma a'a, ba zan janye ba. Kada ki taso.

Ni ce a gaba. Bugu mai nisa ba ya ba ni wahala, kafaɗa ce ke yi. Na kusa da rami ne abin tsoro, inda yatsu ke gaya wa mutum ƙarfin da zai sa. Yanzu da ido nake auna shi. Yau ƙwallo ta tsaya taku ɗaya daga rami, na sunkuya kanta, hannun ya ƙi motsi. Jama'a sun ɗauka lissafi nake.

Fergus ya daina zolayata. Da rana ya karɓi robar miyata ya ɓare mini murfin ba tare da na roƙe shi ba, ya kawar da kai. Da ma zagina ya yi.

Taki,
Ishbel

*

Yaya Morag,

Ina fata kuna lafiya. Kada rubutun ya ba ki mamaki, Fergus ne ke rubutawa ina faɗa masa.

Kin gani a talabijin, na ci. Kin kuma ga na rungume kofin a ƙirji, jaridu suka ce ƙauna ce. Ɗaga shi ne na kasa.

Na je asibiti. Likitar ta daɗe tana latsa hannun, ta duba ɗayan, ta sa na yi tafiya a gabanta. Ta ce sai sakamakon jini ya fito. Na tambaye ta ko zan yi wasa baɗi, sai ta gyara takardunta ta tambaye ni abin da ya kashe Mama, na gaya mata.

Daga nan ta ce ko ina da 'yar'uwa. Na ce ina da ke. Ta tambaya ko kina da 'ya'ya, na ce 'yan mata biyu.

Yaya, tana zargin ciwon Mama ne, kuma ana gadonsa. Tana son ganinku, ku ukun. Ban san yadda za ki gaya wa yaran ba. Zan taho ranar Asabar, mu gaya musu tare.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Ishbel