Lissafin Gudun Babur

Yaya Ikilima,

Assalamu alaikum. Ya jikin Inna? A gaishe min da mutanen Ruwan Bago.

Lafiyata ƙalau a Zamfara. Ina koyar da lissafi ta hanyar abubuwan da yara suka sani, yadda na saba. Jiya na ba su lissafin gudun babur daga Rogo zuwa Karaye. Na manta a nan 'yan bindiga babur yake kawowa. Wata ɗaliba ta ce, "Malam, daga daji zuwa makarantarmu fa, minti nawa?"

Na lissafa a zuci, Yaya. Babur zai iso kafin yaran su kai gida. Na ce mata ba mu zo wannan darasin ba tukuna.

Kada Inna ta ji. Ki sa mu a addu'a.

Ƙaninki,
Abdulmutalib