Bencin baya a jirgin Kawu Sani

Assalamu alaikum Habu, maigidana marar cefane. Kafin gaisuwa, ga kacici-kacici: wa ke shiga jirgi ba a ga shigarsa ba, ya bar wurin zamansa a jiƙe?

Ina lafiyarka? Ya Maryam da yara, ya hayaniyar Legas? Mu nan Unguwar Dosa sai godiyar Allah.

Kawunka Sani dai ya yi ritaya ya sayi jirgin ruwa mai inji, har da rumfa. Ran Asabar ya kwashe mu yawon kogi ta bayan Malali, da kular dambu. Ni aka ajiye a bencin baya. Muna tsakiyar ruwa inji ya mutu, jirgi ya karkata ɓangarena kamar wani ƙato ya zauna. Na taɓa gefena, katakon ya jiƙe sharkaf, sanyi kamar ruwan randa, ko'ina kuwa a bushe.

Na ce, "Sani, wa ka ɗauko mana?"

Ya ce, "Inna, nauyinki ne."

Ni dai na yi sallama a hankali, na matsa. Nan take inji ya tashi, ba wanda ya taɓa shi.

Na ji wai da Sallah za ka zuba mini yara a cikin jirgin nan. Kada ka kuskura. Ka sa mu a addu'a, ka gaishe da mutanen gida. Taka, Inna.

Amsar kacici-kacicin kuwa, masuntan kogin suka ba ni: mai jirgin na farko ne. Daga bencin nan ya faɗa ruwa bara, har yau ba a ga gawarsa ba.