Allurar Baba a Firjin Maman Ngozi

Laraba, Samaru, bayan isha'i

Kwana uku ke nan babu wuta, ga shi likita ya ce allurar Baba in ta sha zafi ta lalace. Tun da aka yanke masa baƙin tabon nan na tafin ƙafa, aka ce dajin fata ne, da ita muka dogara. Wai ba ita ke kashe cutar ba, garkuwar jikinsa take zaburarwa ta yi faɗan.

Da la'asar na zuba kwalaben allurar a kular abinci, na hau acaɓa zuwa Sabon Gari, wurin Maman Ngozi, tsohuwar maƙwabciyarmu. Ta fitar da tukunyar miyarta daga firji ta jera su. Janaretonta ƙarami ne, ba ya ɗaukar firji da fanka tare, sai ta kashe fankar.

Na ce, "Mama, da wannan zafin za ki kwana?"

Ta ce, "Ke dai je ki kula da Babanki."

Yanzu Baba na cikin bargo biyu, yana rawar ɗari saboda allurar yau. Inna ta dage maleriya ce, na gaji da bayani. Maman Ngozi kuwa tana can Sabon Gari tana gumi saboda shi.